Famfo na kuka, ruwa bai fita ba: yadda muka gano ciwon wani jirgin fiba a Yauri

Wata ranar Talata cikin watan Agusta aka kira ni bakin kwatar Yelwa, a Yauri, in ɗaura sabon famfon kwarfar ruwa a wani jirgi. Iyakar abin da aka ce in yi ke nan, ba a ce in bincika komai ba. Mai jirgin, wanda zan riƙa kira Alhaji kawai, ya riga ya sayo famfon, na tarar da shi cikin kwalinsa a kan kujerar gaba. Shi ne na huɗu da jirgin zai ci cikin wata 14.

Sana'ata wayarin da gyaran injinan ban ruwa, amma na yi wasu shekaru a Legas ina yaron wani mai gyaran jiragen shaƙatawa, a can na san wannan ɗan famfo ciki da bai. Girmansa bai wuce gwangwanin madara babba ba, da batir mai bolt 12 yake aiki, zaune yake cikin ruwa, yana da 'yar farfela a gindi da rariyar roba da ke rufe ta. A manyan jiragen Legas masu ɗaki da banɗaki, da motocin da Turawa ke kwana a ciki idan sun fita yawo, ana saka irinsa cikin wani akwati a ƙarƙashin wurin wanka, kuma gashi da dattin sabulu ne ke shaƙe shi. A kogin Kwara abin da ke shaƙe shi daban ne, amma ciwon ɗaya ne.

Jirgin na fiba ne, tsawonsa kusan mita 7, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 75. An shimfiɗa masa katako a ƙasa don fasinja da kaya, a can baya kuma akwai wani ɗan rami, kamar santimita 40 a kan 30, inda duk ruwan da ya shiga jirgin ke gangarowa ya taru. Nan famfon yake, da fulot a gefensa, wato makunnin da ke tayar da shi da kansa idan ruwa ya hau. Aikin jirgin jigilar mutane da buhunan albasa da shinkafa da kwandunan kifi tsakanin Yelwa da ƙauyukan ƙetare ranakun kasuwa.

Direban, dattijo ne da ya haura shekara 50, shi ya ba ni labarin abin da ya sa aka kira ni. Satin da ya wuce hadari ya riske su a tsakiyar ruwa da mutum 16 a ciki. Ruwa na zuba daga sama, igiyar ruwa na watso wani ta goshi. Ya kunna famfo, ya ji kukansa sarai, hankalinsa ya kwanta, ya maida ido kan tuƙi. Sai da wata mata ta ɗaga ƙafa tana salati ya waiga ya ga ruwa ya haura katako. Da kwanoni da kular abinci fasinja suka taya yaron jirgi kwarfa har suka kai gaci.

"Malam, da kunnena na ji yana aiki," in ji shi. "Wallahi da shiru ya yi da tun farko na sa yaro kwarfa."

Wannan magana tasa ita ce zuciyar lamarin gaba ɗaya. Famfon da ya mutu murus, kowa ya san abin yi. Wanda ke kuka ba ya fitar da ruwa ya fi shi haɗari, domin yana hana mutum ɗaukar kwano a kan lokaci. Kuma lissafin ruwan ba wasa ba ne. Buɗaɗɗen jirgi irin wannan yana da fili kusan murabba'in mita 10 da ke kallon sama. Ruwan sama mai milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, zai zuba masa lita 500, rabin tan ke nan na nauyin da ba ya zama wuri ɗaya, duk inda jirgi ya karkata can yake gudu ya ƙara danna shi.

Na ce wa Alhaji kafin in ɓare kwalin sabon famfo ina son ganin tsofaffin biyu. Ya ɗan yi jim, ya aika yaro shago ya ɗauko su cikin wani buhu. Na farko, da na ɓalle rariyarsa, na ga zaren kalli, wato ragar kamun kifi, ya naɗe sandar farfela tamau. Na yanke zaren da reza, na jona shi da batir cikin bokitin ruwa, sai ga shi yana feshi kamar yau aka saye shi. Lafiyarsa lau aka jefar da shi. Na biyu kuwa ya ƙone, robar jikinsa ta narke ta lotsa ta gefe ɗaya. Da na duba gidan fis a jirgin na ga dalili: fis ya taɓa tsinkewa, wani ya naɗa silin waya a madadinsa. Famfo mai wannan girma bai cika jan amfiya 4 ba, fis ɗinsa 5 ne ko 6. Idan datti ya riƙe farfela, moto na jan wuta fiye da ƙima, fis ya tsinke ya cece shi. In an maye gurbinsa da waya, moto zai yi ta zafi har ya narkar da jikinsa, a cikin ramin da tururin fetur ke taruwa. Allah ne kawai ya tsare jirgin nan daga gobara.

Saboda wannan tururin ne ban taɓa ko waya ɗaya ba sai da muka ɗaga katakon baya, muka bar iska ta ratsa, na cire kan batir. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma ƙasan jirgi ba shi da mafita. Na roƙi masu zaman kwata da ke leƙe da taba a hannu su ja baya. Duk gwajin da ke iya ba da tartsatsi a tudu na yi shi.

Sannan na maida wuta na saurari famfon da ke ciki. Magana uku famfo ke yi. In ya yi shiru, a nemi laifi a wuta: fis, makunni, waya, fulot. In yana gurnani ƙasa-ƙasa yana ɗumi, an riƙe farfela, a kashe shi nan take. In kuwa kukansa siriri ne mai sauri, to yana juyi ne ba tare da kaya ba, ko ruwa ba ya isa gare shi, ko ba ya samun hanyar fita. Wannan siririn kuka yake yi, ɗan ruwan da ke fita ta gefen jirgi bai fi na bakin buta ba.

Na danna kunnuwa biyu na rariyar, na zaro famfon. Abin da na gani ya cancanci a tsaya a kansa, domin tarihin jirgin ne a dunƙule. Ramukan rariya duk sun liƙe da wani baƙin ƙullu mai santsi, laka da man inji. Cikin ƙullun akwai ɓawon albasa da ya jiƙe ya zama kamar takarda, ƙaiƙayin shinkafa, ɓawon karfasa, zaren buhu. Abin da ya fi yawa kuwa shi ne 'yan kusurwoyin ledar fiya wata, wannan ɗan guntun da kowa ke gutsurewa da haƙori ya tofar. Na ƙirga 31 a tafin hannuna. Girmansu daidai bakin ramukan rariya, in famfo ya ja sai su manne kamar an liƙa faci, in ya tsaya su saki su koma iyo. Shi ya sa mai dubawa da ido daga sama ba ya ganin komai. A bayan farfela kuma ga zaren kalli, bai kai ga riƙe ta ba tukuna amma ya fara cin robar da ke hana ruwa shiga moto.

Na wanke komai da omo da tsohon buroshin haƙori, na zare zaren da allura a hankali. Fulot ma ya yi nauyi da maiƙo, harshensa ba ya tashi sai an taimaka masa, na wanke shi har ya koma yana ƙas-ƙas idan an ɗaga. Na gwada famfon a bokiti, ƙarfinsa ya dawo. Na maida shi, muka zuba bokiti huɗu a ramin, fulot ya tashi, ruwa ya fita ta gefen jirgi. Bai kai ƙarfin da na gani a bokiti ba, na lura da haka, amma magariba ta gabato, Alhaji na murna an bar masa sabon famfonsa a kwali, na ce an gama.

Nan na yi kuskure, kuma kuskuren nawa ne ni kaɗai. Sau ɗaya na gwada, kuma ban auna ruwan da ke fita ba. Na ga ruwa, na yarda da idona, kamar yadda direba ya yarda da kunnensa.

Daren nan aka yi ruwa tun bayan isha'i har kusan asuba. Ina idar da salla wayar direba ta shigo. Na tarar da jirgin ɗaure a kwata ya yi ƙasa, ruwa ya kai idon sawu a kan katako, batir ya sauka zuwa bolt 11.3. Famfon ya kwana yana juyi har ya shanye batir, ruwa kuwa yana nan. Alhaji bai ɗaga murya ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, da ka sa sabon nan da yanzu ba wannan maganar muke ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, da na sa sabon, da yau shi ma za mu tarar a haka. Ka ba ni zuwa azahar, kar kowa ya kwarfe ruwan nan." Ina son ciwon ya tsaya yadda yake in gan shi da rai.

Muka aro batir mai cikakken caji. Na jona, sai siririn kukan nan, ko ɗigo babu a waje, alhali famfon na nutse cikin ruwa fiye da taƙi. Na zura hannu na ɓalle shi daga mazauninsa, na karkata shi a cikin ruwan ba tare da na cire tiyo ba. Kumfar iska ta yi ɓul-ɓul ta fito, kukan ya sauya ya yi kauri, ruwa ya fara fita. Rariya tas take. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

Irin wannan famfo ba ya zuƙo ruwa kamar famfon hannu, watsa shi yake yi da farfela, don haka dole gidan farfelar ya kasance cike da ruwa. Idan iska ta maƙale a ciki, kuma ba ta da hanyar tserewa ta tiyo, farfela za ta yi ta kaɗa kumfa har batir ya ƙare. Tambayar ita ce, me ya hana iskar tserewa? Sai muka bi tiyon taƙi-taƙi, abin da ya kamata in yi tun jiya.

Bakin famfon inci ɗaya da ɗigo ne, milimita 29. Ba a yi taƙi ɗaya ba aka rage shi da wata mahaɗa zuwa tiyo mai milimita 19, irin mai ƙwarya-ƙwaryan nan na injin wanki. Ido na ganin kamar ɗan bambanci ne, amma faɗin hanyar ruwa ya ragu zuwa ƙasa da rabi, ga kuma tudu da kwarin cikin tiyon da ke karya gudun ruwa su kuma riƙe yashi. Daga nan aka sa bawul mai hana ruwa komawa, irin wanda muke sawa a injin ban ruwa. Sai tiyon ya bi ta ƙarƙashin kujeru har mita 4 da rabi, ya yi ciki ya lotsa a wuri biyu, kafin ya hau ya fita ta tsakiyar jirgi. Da na cire shi na ɗaga, nauyinsa kaɗai ya ba ni amsa. Muka buga shi a kan dutse, laka mai laushi ta zubo kusan cikin kofi biyu. Lokacin ne kogin ke ɗauke da jan ruwan damina mai laka, wanda ya bambanta da tsararren ruwan da ke isowa daga tsaunukan Gini can cikin hunturu, kuma duk inda ruwa ya kwanta cikin tiyo nan lakar ke zama.

A can bakin mafita, cikin gwiwar da ke ratsa jikin jirgin, na haska fitilar waya na ga wani abu ja-ja manne a sama. Gidan zanzaro ne. Direba ya tuna an ja jirgin tudu da bazara ya yi sati uku ana masa faci, lokacin ta samu ta gina. Ruwan da ke fita ba shi da ƙarfin cika gwiwar, ta ƙasa yake bi, ya cinye rabin ginin ya bar rabi. Da na ɓanɓaro shi da sukudireba har da busasshen gizo-gizo a cikin ɗaki ɗaya.

Yanzu labarin daren ya fito fili. Jiya da na maida famfo tiyon ba ruwa a cikinsa, don na zubar lokacin da nake aiki, shi ya sa ya tura ruwa ba gardama. Da ya kwashe ramin ya kai ƙasa sai ya shaƙi iska ya tsaya. Bawul ya rufe, ruwan da ke cikin dogon tiyo ya zauna a kansa ya danne. Da ruwan sama ya sake cika ramin, fulot ya yi aikinsa, famfo ya tashi, amma iska ce a cikinsa, kuma kumfa ba ta da ƙarfin ɗaga bawul da ruwa ke zaune a kai. Da na gwada sau biyu a jere jiya, da na kama shi. Na maida tsohon tiyo na nuna wa Alhaji da direba: zubin farko ya kwashe, muka jira minti biyu, zubi na biyu sai kuka. Sau uku muka yi, sau biyu ya maƙale.

Kafin in fara gyara na yi abin da na tsallake jiya. Yaron jirgi ya tsaya cikin ruwa zuwa ƙugu ya tara bokitin fenti mai cin lita 20 a bakin mafita, ni kuma ina riƙe da agogon waya. Minti 2 da sakan 10 kafin ya cika. Wato kusan lita 550 a awa. A jikin famfon an rubuta 1100, galan ke nan na Amurka a awa, sama da lita 4,100. Wannan lambar ana samun ta ne idan famfo na zubarwa a bakinsa, ba tiyo, ba hawa, da cikakkiyar wuta, don haka ba wanda zai same ta a cikin jirgi. Amma kashi ɗaya cikin bakwai ba ragi ba ne, ciwo ne.

Na sa mita kuma na ga wani ɓarawon. A kan batir bolt 12.5, a bakin famfo yana aiki 10.8. Wayar siririya ce irin ta rediyo, an murɗa mahaɗarta da hannu an naɗe da baƙin salatif, tana kwance cikin ruwa. Da na feɗe ta, jan ƙarfen ya yi baƙi, mahaɗar ta yi kore. Na duba ba a juya wayoyin ba, mai ruwan ƙasa ita ce ta wuta, baƙa ita ce ta komawa, domin in an juya su famfo zai yi juyin baya ya yi kuka daidai amma ruwansa kaɗan. Wannan kam daidai suke.

Gyaran kansa bai ɗauki dogon lokaci ba, gardamar da ta biyo baya ce ta ɗauka. Direba bai yarda a cire bawul ba. Ya ce shi ya sa a saka, saboda da can in famfo ya tsaya ruwan tiyo na dawowa, fulot ya sake tashi, haka za su yi ta yi har batir ya mutu. Kuma gaskiyarsa, abin da ya gani ya gani. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na ce, "Baba, ruwan na dawowa da yawa ne saboda tiyon ya yi tsawo. Mu gajarta shi." Muka zauna a kan kujerar jirgi na yi masa lissafi a bayan kwalin famfo. Tiyo mai milimita 29, tsawon mita ɗaya da rabi, lita ɗaya yake ɗauka. Lita ɗaya a ramin da ke da santimita 40 a kan 30 ba za ta ɗaga ruwa ko santimita ɗaya ba. Fulot kuwa yana kunnawa ne a wajen santimita 5, ya kashe a wajen 2. Tazarar ta ishe mu. Ya dubi lissafin, ya ce shi dai sai ya gani a ruwa. Na ce haka ya dace.

Muka huda sabuwar mafita a gefen baya, kusa da ramin, can sama dab da leɓen jirgi, muka toshe tsohuwar da fiba da gam ɗinta. Tsayin mafitar ba abin wasa ba ne, kuma ba a auna shi da jirgi wayam. Jirgin da ya ɗauki buhu 20 na albasa ya karkata a kwana zai iya tsoma mafitar da ke ƙasa cikin kogi, kuma da zarar bakin tiyo ya nutse, tunda ba bawul, kogin zai bi ta cikinsa ya shigo. Don haka na tambayi direba inda ruwa ke kaiwa ranar da ya fi lodi, ya nuna min da yatsa, na haura sama da nan sosai. Sabon tiyon mai santsin ciki ne, faɗinsa ɗaya da bakin famfo, yana hawa ne kawai daga famfo har ƙarƙashin leɓe, ba inda ya lotsa, sannan ya ɗan sunkuya ya fita. Na ɗaure shi da kilif duk taƙi biyu don kar nauyin ruwa ko ƙafar fasinja su sake yi masa ciki. Waya na sa mai kauri milimita 2.5, mahaɗai na yi musu dalma na rufe da robar da ke tsukewa da zafi, na ɗaga su sama inda ruwa ba ya kaiwa. Fis na gaskiya ya koma kusa da batir. Fulot na ba shi layinsa kai tsaye, don ya yi gadi ko an kashe komai an tafi gida, makunnin hannu kuma na kusa da direba.

Aikin da ya fi kowane wahala ba na mai gyara ba ne. Muka ɗaga katakon jirgin kaf, abin da direba ya ce ba a yi ba tun da aka shimfiɗa shi. Daro uku na datti muka kwashe. A jikin haƙarƙarin jirgin akwai 'yan ramuka da aka bari don ruwa ya riƙa wucewa daga gaba zuwa baya, rabinsu sun toshe, shi ya sa ruwa ke kwanciya a tsakiya famfo bai san da shi ba. Muka zure su da waya. Ruwan wankin mai maiƙo ban bari famfo ya watsa shi kogi ba, a jarka muka ɗebe shi aka kai tudu, domin ƙasa kaɗan da mu mata na wanke-wanke, yara na wanka, kuma kifin nan shi muke ci.

Yaron jirgi ya kawo shawarar a naɗe famfon da gidan sauro. Tunanin ya yi kyau, amma ramukan sun yi ƙanana, cikin minti biyar laka za ta liƙe su. Abin da ake so shi ne shinge mai faɗi da ramuka matsakaita, wanda ko rabinsa ya toshe ruwa zai samu hanya. Muka yanka kwandon roba na wanke shinkafa muka kife shi a kan famfo da fulot duka, muka tabbatar harshen fulot na tashi ba ya taɓa komai, muka ɗaure shi yadda za a iya cirewa da hannu ɗaya cikin duhu.

La'asar ta yi muka sake aunawa. Bokitin lita 20 ya cika cikin sakan 30, lita 2,400 ke nan a awa, da famfon da aka yanke wa hukuncin jefarwa. Ruwan saman da zai ɗauke shi kusan awa guda jiya, yau minti 13 ya ishe shi. Sau shida muka cika ramin muka bar shi ya tsaya ya sake tashi, bai maƙale ko sau ɗaya ba. Duk tsayawa direba na tsugune yana kallon litar nan ta dawo, fulot bai motsa ba. A na shida ya miƙe ya ce, "To, na gani."

Akwai maganar da na dage sai da na faɗa wa Alhaji a gaban direba, don kar wannan feshin ya ruɗe su. Lita 2,400 a awa lita 40 ce a minti. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya hau kan dazuzzuka, kututturan itatuwa na nan a ƙarƙashi, duk matuƙin wannan yanki ya san su. Huda mai faɗin inci ɗaya kacal, taƙi ɗaya da rabi ƙarƙashin ruwa, tana shigo da fiye da lita 40 a minti. Wato ƙaramin rami ɗaya ya cinye ƙarfin famfon gaba ɗaya. Na ruwan sama ne da feshin igiya da ɗan yoyo, ba na fashewar jirgi ba. Mutanen wannan kogi ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayun 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa, hukumomi kuma suka danganta shi da lodi fiye da ƙima. Ba famfon da zai yi maganin wannan. Saboda haka yankakkiyar jarkar kwarfa ta ci gaba da zama a ɗaure da igiya kusa da yaron jirgi, rigunan ruwa kuma a fito da su daga ƙarƙashin kaya.

Muka yi yarjejeniya da yaron: kullum da safe kafin lodi zai ɗaga kwando ya kwashe abin da ya taru, ya zuba bokiti biyu a ramin, ya leƙa gefe ya ga ruwa na fita da ƙarfi, ya jira ya tsaya, ya sake zuba biyu. Ranar Juma'a kuma ya ɓalle rariya ya duba bayan farfela. Famfon farko da na ceto daga buhu na sa masa wayoyi ya zama na ajiya a akwatin direba.

Na koma cikin watan Oktoba, bayan kusan sati bakwai. Kwandon ya tare ɓawon albasa cike da hannu, rariyar famfo ba komai sai ɗan yashi. Yaron ya rataye wani gwangwani a jikin kujerar tsakiya, yana bin fasinja yana cewa, "Iya, a nan ake tofar da bakin leda." Na auna, sakan 32. Fulot ya fara yin maiƙo kuma, na bi sawu na tarar mahaɗar tiyon fetur na ɗan tsatsafo, muka canza ta a ranar. Abu biyu ne suka rage. Sabon famfon har yanzu yana cikin kwalinsa, ina so a ɗaura shi sama da wanda ke cikin ramin da kamar santimita 10, da nasa tiyo da nasa fis, ya zama na ko-ta-kwana. Kuma batir ɗaya ne har yau ke tayar da inji yake kuma ciyar da famfo, in ya kwana yana kwarfa da safe sai an nemi na aro. Alhaji ya ce a bari albasa ta shigo.